Karfasa a Tankin Mannir

Ƙofar Marusa, Katsina

Zuwa ga bawana Mannir,

Salamu alaikum. Ya jiki, ya gudun sahe da tsallen kwaɗo? An ce sun amshe maku waya a sansanin horo, shi ya sa na ba direba wannan. Su Inna lahiya lau, matata Sabuwa na gaishe ka.

Kihin da ka bar mani amana, kwantar da hankalinka, duk Katsina yanzu ba wanda ya kai ni sanin kihi. Kai ne dai ka cika iyayi. Wai 'yan tabkin Malawi ne, sai ruwan bohol, sai takardar awon ruwa ta nuna takwas. Ni da aka yi ruwan sama na tara mai sanyi garau na canza masu. Ruwan Allah ai ba na bohol ba ne. Na tsoma takarda ta sauko shidda. Ina jin takardar taka ta lalace.

Abin da ke ci mani rai 'yar rawayar nan, wadda ka ce in ta mutu kar in yarda mu haɗu. Ta daina ci. Maƙoshi ya kumbura, ta laɓe bayan dutse, in na watsa abinci sai ta juya mani baya. Shuɗin mijin nata kuwa ci kamar kai. Na gano kaɗaici ne. Tunda ka ce dangin karfasa ne, na samo mata karfasa mai rai wajen masu kihi, ta zo zumunci. Ba sai ka gode ba.

Ubangidanka, Lado

Mannir,

Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya. Ni dai ba lahiya ba.

Wace irin dangi ce wannan? Karfasa tun da ta shiga take haƙa, ta tone yashi ta ture duwatsu, ta bi shuɗin nan da cizo har ta yage mashi wutsiya. Baƙuwa fa! Ga kihin naka launinsu duk ya koɗe, suna ta haki a saman ruwa. Na ce to bari in maido maka takwas ɗinka in huta. Garin gyaran ruwan nan da ka bari a gwangwani ya ƙare, amma na lashi sauran, wallahi kanwa ce aka yi ma rubutun Turawa. Na ɗebo ta Sabuwa cikin hannu na zuba. Takarda ta yi wani launi da ko a jikin kwalin babu shi.

Shuɗi ya rasu. Ka rubuta karfasa ce ta kashe shi, don ni kanwa na ba shi, kuma kowa na shan kanwa a garin nan. Na koma bohol ɗinka, kana iya murna. Rawaya har yau ko loma. Na zauna gabanta na yi lallashi, na yi faɗa, Sabuwa har tana cewa ita ban taɓa roƙonta haka ba. Ban iya cin tuwo na ƙoshi saboda kihi, kihin ma ba nawa ba.

Naka, Lado

Mannir,

Ina gaisuwa. Amsarka ta iso, zagin ma ya iso cikakke. Ka ce in maida bohol a hankali, in hidda karfasa, kar in taɓa bakin rawaya don ƙwai take goyo a ciki. Malam, wannan magana ranar da za ka tahi ya kamata ka yi ta! Wa ya taɓa jin goyo a baki?

Takardarka ta makara. Na riga na kamo ta da matacin kokon Sabuwa, na buɗe bakin da tsinke in ga abin da ya maƙale. Sai ga 'ya'ya suna ta hitowa, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, da idanunsu. Na yi kabbara. Kan in ruhe baki karfasa ta iso. Ban taɓa ganin ci irin wannan ba. Na jehar da mataci na sa kwano, biyar na tsirar.

Suna cikin roba yanzu, ruwan bohol, takwas cif, Sabuwa ta hana ni matsawa kusa. Rawaya ta ci abinci yau, ta ci sosai, amma in ta gan ni sai ta koma bayan dutse. Ni da na karɓi haihuwarta.

Karfasa kuwa an soya ta da yaji, na cinye don haushi. In ka dawo kana neman sauran 'ya'yan, suna wajena.

Ka gaida masu sa ka tsallen kwaɗo, ka ce su ƙara.

Ungozoma, Lado