Hannuna Ya Tona Mini Asiri

Lome, ranar Lahadi

Yaya Akosiwa,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Mama? Ɗana Edem fa, zazzaɓin haƙoran ya sauka?

Ni dai ga ni a barikin horo kamar kazar da aka kife da kwando. Ba fita, wayoyinmu ma an karɓe, shi ya sa na ba mai kawo mana burodi wannan takarda. Aikin kullum ɗaya ne da ƙaramar bindiga: tsayuwa, riƙo, saiti, numfashi, jan kunama. Mai horar da mu, tsoho Shef Kpatcha, yakan ɗora kwanson harsashi a kan bindigar, ka ja kunama ba harsashi a ciki. In kwanson ya faɗo, ka sake daga farko. Nawa ba ya ko motsi. Kin san tun da na shiga aikin 'yan sanda ban taɓa wasa da wannan atisaye ba.

Ashe kaina nake haƙa wa rami. Jiya muka ji cewa waɗanda suka fi iya harbi arewa za a tura su, bakin iyaka, shekara biyu, ba iyali. Sauran kowa ya koma ofishinsa. Haba Yaya, yaron da ko tafiya bai fara ba! Na yanke shawara, ranar gwaji ɓata harbina zan yi. Kada Mama ta ji.

Ƙanwarki mai kewarku,
Ablavi

Lome, ranar Asabar

Yaya Akosiwa,

Ina gaishe ku duka. Na gode da garin rogon, ya iso lafiya.

Yaya, na shiga uku. An yi gwajin. Na bar tsakiyar takardar da ake kafa mana mu harba, na saita can ƙasa wajen hagu, na yi ta harbi ina murna a raina. Da aka ciro takardar sai na ga abin da na yi. Duk harsasan wuri ɗaya suka taru, tafin hannu ya rufe su. Na tuna in kauce, na manta in watsa.

Shef ya ɗaga ta sama a gaban kowa. Ya ce, "Ku zo ku ga wadda ba ta iya ba! 'Yata, wanda bai iya ba watsawa yake kamar mai ba kaji masara. Ni za ki yi wa wayo da furfurata?"

Aka kwashe da dariya. Na bi shi har gindin mangwaro, na ce, "Shef, jariri gare ni."

Ya ce, "Na sani. Ni ma ɗana yana can arewa. Wa kike so ya tsaya a bayansa, mai watsawa?"

Na tsane shi a lokacin, kuma ban ga ƙaryarsa ba. Sunana ne na farko a jerin waɗanda za a tura arewa. In na ƙi, kora ce, to maganin Mama wa zai saya? Ko zuwa wajenku Kpalime in yi sallama an hana, jibi motar za ta tashi. Tsoro nake ji, Yaya, ba zan ɓoye miki ba.

Ki riƙe mini Edem. Ba ya son kunu da zafi, ki fifita masa. In ya fara magana ya kira ki Mama, kada ki hana shi. Ni dai kada ki rubuto mini wannan labarin.

Taki har kullum,
Ablavi