Maigidana Ya Kulle Mini Jika a Cikin Kwamfuta

Malama, don Allah ki taimake ni, kuma da wuri, tun kafin jikata ta fara tafiya da ƙafarta ban san kamanninta ba. Na daɗe ina karanta filinki. Na ga kina amsa wa masu rigimar gida, kina kuma amsa wa masu rigimar waya da kwamfuta. To ni tawa ta haɗa duka biyun, har na rasa ta inda zan fara.

Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya. Maigidana shi ma ya bar aiki daga ofishin awon filaye. Mutumin kirki ne, ba zan ɓata shi ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, idan ciwon gwiwata ya tashi shi ke hawa bene ya sauko mini da shanya. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da ba shi ya auna da hannunsa ba, bai yarda da shi ba. Ko tela ya auna shi, sai ya dawo gida ya sake aunawa.

Da ya bar aiki na zaci lambu zai kama, kamar sauran abokansa. Sai ya kama kwamfuta. Ya kwashe keken ɗinkina daga ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin, ya kafa tebur, ya rataya wayoyi kamar igiyar shanya. A nan ya karanto cewa duk hoton da mutum ya tura ta waya yana iya faɗawa hannun da ba a yi niyya ba. Ya tara mu, ni da yara, ya sa muka yi masa alkawari cewa hoton iyali ba zai ƙara bi ta waya ba. Ya ce akwai manhajar da ke kulle saƙo, ba mai buɗewa sai mai makulli. Ya ba kowa makullinsa. Ni ban damu ba, wayata dama ƙarama ce mai maɓallai. Kuma gaskiya abin ya yi ta aiki lafiya. Autarmu tana aure a nesa, tafiya ce ta jirgi, kuma duk hoton da ta aiko yakan buɗe mini a teburin nan in kalla.

Ana cikin haka, autar tana da tsohon ciki, sai maigidan ya wayi gari ya ce ita ma manhajar bai yarda da ita ba, tunda wasu ne suka haɗa ta suka miƙo masa a shirye. Ya ce zai sauko da asalin rubutun da aka gina ta da shi, ya harhaɗa tasa da kansa. Na ce, “Malam, wadda ke aiki me ta yi maka?” Ya ce, “Ba ki san me suka zuba a ciki ba.” Ya goge tsohuwar. Ya wuni yana kallon baƙin allo, fararen rubutu na gudu sama kamar tururuwa, kwamfutar na huci kamar za ta tashi sama. Na kai masa abinci ya huce, na ɗumama ya sake hucewa. Da aka gama ya fito falo yana taku ɗai-ɗai, ya ce yanzu kam ko gwamnatocin duniya sun taru ba za su ga hotonmu ba.

Ashe har da mu a cikin waɗanda ba za su gani ba.

Yarinya ta sauka lafiya, ta haifi mace. Mijinta ya ɗauki hotuna ya kulle ya aiko yadda aka saba. Na ɗauro ɗankwali, na sa tabarau, na ja kujera. Malam ya sa makulli. Sai kwamfuta ta fito da wani ɗan layi da Turanci, wai ba ta gane irin matsewar da aka yi wa saƙon ba. Ya sake. Ta sake faɗa. Ya ce in tashi, wai ina tsare masa haske.

Tun ranar nan muke abu ɗaya. Da farko ya ce mijin yarinya ne ya aiko a gurguje. Aka sake aikowa. Sai ya ce ni ce na danna wani abu da nake goge ƙura. Yanzu ya tsaya a kan cewa wani ne ke tare saƙon a hanya yana lalata shi. Ya kafa doka cewa kada kowa ya canza komai, a can ko a nan, sai ya gama bincike. Har ɗan gyaran intanet da ya zo duba akwatin bango sai da ya sha tambayoyi, bawan Allah ya tafi ya manta filayarsa.

Ni kuwa ga abin da ke cina. Uwar mijin yarinyar tana zaune kusa da su, kullum tana gidan. Kullum kuma sai ta bugo mini. “Ai ’yar uwa, jaririyar nan mu ta ɗebo sak. Hancin namu ne, goshin namu ne, har yatsun ƙafa.” Da me zan musa? Sai in ce, “Masha Allah.” Shekaranjiya ta ce mini wai ko kuka ta yi, irin kukan gidansu ne. Malama, kuka ma har gida yake da shi?

Da na gaji, na kira surukina a ɓoye ina tsaye a bayan firji. Yaro ne mai ladabi, kuma aikin kwamfuta yake yi. Na karanta masa layin nan harafi-harafi. Sai ya ce, “Mama, ba wanda ya tare komai. Manhajarmu tana matse saƙo ya ƙanƙance kafin ta kulle shi. Da Baba zai harhaɗa tasa, akwai wani ɓangare mai matsewa da warwarewa da ya kamata ya fara sakawa, bai saka ba. Makullinsa yana buɗewa daidai, warwarewar ce ba ta iyawa.” Na ce to ka gaya masa mana. Ya ce, “Mama, ki rufa mini asiri. Wancan karon da na ce masa agogon kwamfutarsa ya yi baya, sai da ya yi wata yana gaishe ni da ‘injiniya’.” Ita ma autar ta ce ba da bakinta ba.

Na gwada da kaina. Muna cin abinci na ce, “Malam, ko dai wani abu ne ya rage ba a saka ba wajen haɗawar?” Ya ajiye cokali ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Wa ya gaya miki?” Na ce mafarki na yi. Ya ce in riƙa rage cin abinci mai nauyi.

Yanzu maƙwabciyata ta ce in ba surukina lambarta ya turo hoton ta wayarta, in leƙa in dawo, ba mai sani. Zuciyata na so ƙwarai. Amma na yi alkawari, kuma na san fuskata: ranar da na ga yarinyar nan, ko makaho ya san na gani. Wata zuciyar kuma ta ce in fito fili a gaban yara in ce masa shi ya yi kuskure. Amma mutumin nan tun da ya bar aiki ba wanda ke zuwa neman shawararsa, wannan ɗakin ne kaɗai inda yake jin har yanzu shi wani ne. Ina tsoron in fasa masa shi. Yaya zan yi?

Kakar da ke jira

*

Kaka, barka da arziki, Allah ya raya. Na yi dariya da wasiƙarki, amma na san ke ba dariya kike ba, don haka bari mu shiga aiki.

Surukinki ya faɗi daidai. Irin wannan manhaja takan matse saƙo kafin ta kulle shi, saboda abin da aka riga aka kulle ba ya matsuwa. A wajen mai karɓa kuma sai ta buɗe, sannan ta warware. Sashen matsewar sau da yawa ba a cikin rubutunta yake ba, aro take yi daga wata ƙaramar manhaja ta daban, irin su zlib. Kafin a fara harhaɗawa akwai matakin shiri, inda take dudduba kwamfuta ta ga me da me ke akwai. In ba ta tarar da sashen ba, wasu manhajojin ba sa tsayawa su yi ƙorafi. Sai su rubuta “babu” a layi ɗaya cikin ɗaruruwan layukan da kika ga suna gudu, su wuce. Ƙwararru ma suna faɗawa wannan ramin.

Gyaran ba shi da wuya. Ya fara kwafe makullanku ya adana a wani wuri, don kada garin gyara a yi ɓarna. Ya saka sashen matsewar, kuma ya tabbata ya haɗa da ƙunshinsa na masu harhaɗawa, domin wanda ake amfanin yau da kullum da shi kaɗai ba ya wadatarwa. Nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Ya share ragowar tsohon haɗin, ya sake matakin shiri. In takardar bayanin da ta zo da rubutun ta ce sai mutum ya kunna matsewa da kansa, ya kunna. Wannan karon ya karanta taƙaitawar ƙarshe ya ga an ce “akwai”. Sannan ya harhaɗa, ya tambayi manhajar irin matsewar da ta iya, ta lissafo masa. Hotunan da aka riga aka aiko ba su lalace ba, suna nan suna jira.

Sauran aikin na mutane ne, kuma ya fi wuya.

Ban goyi bayan wayar maƙwabciya ba. Maigidanki ya wuce gona da iri, amma tushen maganarsa ba shirme ba ne: hoton jariri in ya fita ba ya dawowa, kuma mutumin da ke son kare iyalinsa bai cancanci a zagaye shi ta bayan gida ba. In ya gano, kuma zai gano, za ki sayi kallon minti ɗaya da zargin da zai daɗe. Tona shi a gaban yara ma ban goyi baya ba, dalilin da kika kawo ya isa.

Sai dai shi ma ba shi da hurumin riƙe ki haka. Kariyar da ta hana kaka ganin jikarta ta tashi daga kariya. Kuma ku ukun nan, ke da auta da mijinta, kuna da naku kason: kun san amsa, kun bar dattijo yana farautar ɓarawon da babu shi, don kowa na gudun a ce shi ya faɗa. Kuna ganin girmamawa ce, amma ranar da ya ji cewa kowa ya sani sai shi, abin zai fi yi masa ciwo.

Ga shawarata. Mai bincike ne, to ki ba shi gwaji. Ku biyu kaɗai, bayan ya ci ya ƙoshi, ki ce masa kin yi tambaya a kan layin Turancin nan da kwamfuta ke fitarwa, ki bar zancen mafarki. Ki ce an ba da shawarar a aiko hoto ɗaya a kulle amma ba tare da matsewa ba. Shi zai ba da umarnin, don haka dokarsa ba ta karye ba. Ba kuma asarar komai, domin hoto dama a matse yake, ƙarin matsewar ba ta rage wani abin kirki. In ya buɗe, kin ga jikarki a ranar, shi kuma ya ga da idonsa inda matsalar take. Mutum irinsa yakan ƙi abin da aka faɗa masa, amma ba ya ƙin abin da ya gwada.

In kin ga fuskarsa ta faɗi, ga wata gaskiya da za ki miƙa masa ya jingina: a wasu hanyoyin sadarwa, masana da kansu sukan kashe matsewa da gangan, saboda girman saƙo na iya ba ɗan leƙen asiri haske a kan abin da ke ciki. Wannan bai shafi hotunanku ba, amma ya nuna cewa manhaja marar matsewa ba abin kunya ba ce. Surukinki kuma ya daure ya bugo, ya nemi Baba ya nuna masa yadda ake harhaɗawa daga tushe, su bi matakan tare. Zai sha “injiniya” na ɗan lokaci, ba ya kisa.

In duk wannan ya ƙi, ki gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa kin ba shi zuwa ƙarshen mako, daga nan za ki ce a wanko hoton a takarda a aiko miki. Wannan haƙƙinki ne, kuma ba ɓoye a ciki.

Abu na ƙarshe, Kaka. Duk tsawon wasiƙarki ba ki ambaci cewa shi ma bai ga yarinyar ba. Mutumin da ke wuni a gaban saƙon da ya ƙi buɗuwa ya san sarai fuskar wa ke ciki, kuma ina zaton a ransa ya fara jin cewa hannunsa ne ya rufe ta. Ranar da hoton ya fito, kada ki ce masa komai a kan manhaja. Ki matsa masa ya zauna kusa da ke, ku kalla tare.

Allah ya bar ku tare, ya raya jika, ya kai ki ki ɗauke ta da hannunki.