Kiɗan da Ba a Ji da Kunne

Zuwa ga maigidana, inuwata ta tsakar rana, ruwan farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, sanyin idona, sarkin taurin kai wanda duk da haka ban ga na biyunsa ba.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda kewa ta hana sukuni, da fatan jikin yana ƙara sauƙi. Na ɗauki biro ne don hanyoyin duk sun toshe. Kiran waya ba shi da amfani a tsakaninmu yanzu, saƙon da nake turo maka kuwa ina gani ka buɗe, ka karanta, ka yi gum. Takarda dai ba za ka ce ba ka gane hannuna ba, rubutun nan da kake cewa kamar kaji sun yi tsere a kai.

Shekaranjiya Yayanka ya zo. Ya ɗosana a bakin kujera, ko ruwa ya ƙi sha, yana ta murza makullin motarsa kafin ya iya sauke saƙonka. Wai ranar Asabar zai kawo mai sayen lasifikokinka da kwamfutar. Wai kuma ka ce idan ina so ka sawwaƙe min ba za ka riƙe ni ba, don ba ka so in ƙare ƙuruciyata ina yi wa kurma ihu. Haba masoyi, wa ya ce maka kunnenka na aura? Yaushe na kai maka ƙarar gajiya? Ka kwashe 'yan kayanka ka koma gidan Yaya ba tare da ka dubi fuskata ba, sannan ka aiko min da wannan magana ta bakin wani. Na ji zafinta har cikin ƙashina, kuma ban yafe ba tukuna.

Ka tuna ƙaramin ɗakin nan da muka raba biyu? Keken ɗinkina a bakin taga, teburinka a lungu, bangon duk manne da kwalayen ƙwai da ka yi ta roƙa a wurin mai shago wai don su tsare sauti, ga tsohuwar katifa jingine a bayan ƙofa. Sai ka dawo daga aikin wayarin ɗin lantarki da yamma, yatsu duk baƙi, ko riga ba ka canja ba ka zauna gaban kiɗan nan naka da kuke kira diram da bes. Ranar da ka fara kunna min shi na ce maka kamar an saki tukwane daga saman bene, a ƙasa kuma ana tayar da babbar mota. Ka yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ka nuna min cewa hawa biyu gare shi: a sama ganga ce mai gudu kamar ruwa a kan kwanon rufi, a ƙasa kuma bes ne, gurnani mai tafiya a hankali kamar hadari daga nesa. Ka ce ni ce gangar, tunda bakina ba ya hutawa, kai ne gurnanin. Na jefe ka da ƙullin zare.

Ranar da ban mantawa ita ce wadda ka durƙusa gaban kekena da makirfo a hannu, ka ce in taka kawai, kada in kula ka. Ka ɗauki ƙarar allura, ka ɗauki ƙas-ƙas ɗin almakashi, ka shiga kicin ka ƙwanƙwasa murfin tukunyata mai lanƙwasa. Ka yi ta yanka su kana jerawa a kwamfuta, kana matsar da wannan, kana goge wancan, abinci yana hucewa ina mita. Da ka gama ka kifa min hedfon a kai, ya rufe min kunnuwa. Wayyo rabin raina! Kekena da na sani da ƙarar gajiya kawai, sai ga shi yana rawa. Na ɗago na dube ka, kana tsaye kana cizon yatsa kana jiran hukuncina kamar ɗan makaranta. A lokacin na san ko duniya ba ta taɓa jin sunanka ba, ni na dace.

Ai kuwa duniyar ba ta ji ba. Masu saurarenka ko motar haya ba za su cika ba. Ni ce ta gaba, sai Goggo, tsohuwar nan ta ƙasan benenmu, wadda take saurare ba da son ranta ba, tana dukan silin ɗinta da sandar tsintsiya duk sanda ka saki bes. Kai kuma ka ce ita ma tana cikin ƙungiya, sai dai ba ta bin kiɗa daidai.

Sai zazzaɓin nan ya zo ya tafi da jinka. Na ga ranar da ka gane, a gadon asibiti, kana kallon bakina yana motsi, idonka yana neman muryata a ko'ina. Likita ya ce ƙananan sautuka masu kaifi sun tafi, kuma da wuya su dawo. Da muka dawo gida ka daina shiga hira, ka daina dariya, in na taɓa kafaɗarka sai ka zabura. In na fita kai ɗinki ko sayen yadi, sai in dawo in same ka zaune a ƙasa ka jingina bayanka da babbar lasifikar, komai a kashe, ka ƙura wa bango ido. Na ɗauka makoki kake yi. Sai in lallaɓa in wuce, don kada in dame ka.

To ga abin da ya sa na rubuto. Bayan tafiyar Yaya na ce bari in ji muryar kayan nan sau ɗaya kafin a ɗauke su. Na buɗe kwamfutar, na danna aikinka na ƙarshe, na saurara ta 'yar lasifikar jikinta. Gangar kekena ta fara gudu yadda na sani, sai can ta tsaya cak. Layin yana ta tafiya a allon, amma ba na jin komai. Na jira, na jira, shiru. Na ce a raina, nan ne ya yanke ƙauna, nan ne ya ajiye kiɗan ya ajiye ni. Na kifa kai a teburinka na yi kukan da ban yi ba ko a asibiti.

Jiya da hantsi ina goge wa mai saye ƙurar lasifikokin, sai faɗanka ya faɗo min a rai. Sau nawa ka ce min kada in yanke wa kiɗa hukunci da ƙaramar lasifika, don ba ta iya ɗaukar na ƙasa? Na lalubo wayoyin, na soka a inda ba nan ba, na sake, har fitilar babbar lasifikar ta kawo. Na kunna. Gangar ta yi gudunta ta tsaya a inda ta tsaya shekaranjiya, sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Gilashin taga ya ɗauki rawa, allurai suka yi ta tsalle a cikin gwangwaninsu, wani gurnani mai taushi ya shigo ta tafin ƙafata ya hau ƙirjina ya zauna. Yana hawa yana sauka a hankali kamar numfashin mai barci. Ashe ba shiru ka bari ba, masoyi. Ban taɓa jin ka yi abu mai kyau da baƙin ciki irin wannan ba.

Ina tsaye hawaye na zuba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Goggo ce, ta hawo benen da ciwon gwiwarta tana haki, idonta yana leƙa bayana. Ta ce, "'Yar nan, ya dawo ne?" Na girgiza kai. Ita ce ta faɗa min cewa duk sanda na fita haka kake girgiza mata silin, kuma tunda ta ji abin da ya same ka ba ta ƙara ɗaga sandar ba. Ta ce ita wannan ɗin ma ya fi mata daɗi. Sai a lokacin na gane zaman nan da kake yi a ƙasa. Da bayanka kake saurare, da ƙashin haƙarƙarinka ka jera kiɗan, kana kashewa da zarar ka hango ni ta taga.

Me ya sa ka ɓoye min? Kunyar me kake ji a gaban wadda ta san ka ciki da bai? Ka ce wa Yaya kai da kiɗa har abada, alhali mafi kyawun aikinka bayan ciwon ka yi shi. Wurin gangar kaɗai ka bari fayau, don ita ce ba ka ji. To ni ina jin ta. Ka zauna a ƙasa ka riƙe naka hawan, ni in zauna a kujera in riƙe nawa, in ta yi gaggawa in matsa maka hannu, in ta zauna daidai in gyaɗa kai. Za mu yi kuskure, za mu yi faɗa, Goggo za ta koma ga sandarta. Na yarda da duk wannan, abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗakin nan babu kai.

Na aika wa Yaya cewa ko waya ɗaya ba za ta fita daga gidan nan ba. Maganar sawwaƙewa kuwa, ba amsar da ake bayarwa a takarda ba ce. Gobe da la'asar ina nan tafe. Zan zauna a gabanka, in kama hannunka in ɗora shi a maƙogwarona, in faɗa maka amsata da bakina har sai yatsunka sun ji ta. Ba zan ɗaga murya ba, ba kuma zan yi sauri ba. Abu ɗaya nake roƙonka, hasken idona, don girman Allah kada ka janye hannun.

Taka ce jiya, taka ce yau, ko kana ji ko ba ka ji, har ranar da numfashina zai tsaya,

Matarka.