Ukun da Ke Wurin Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Na san ba za ki ɗaga wayata ba, shi ya sa na ɗauki biro, bayan shekara huɗu ba ko sallama.

Mama ce. Tun da ɓarin jikinta ya shanye magana ta ɗauke, yanzu kuma kwanciya ta ci mata baya. Likita yana zuwa yana wanke ciwon, amma da ya fita sai ta kafa wa kwalbar man shafawarta ido, ga shi ya ƙare ƙarƙaf. Matar da ta shekara arba'in tana shafa wa mutanen unguwa, yau ba ta da na lakuta.

Kin dai tuna wayonta. Haɗi shida ne, ta koya mini uku, ta koya miki uku, wai don kada mu rabu. To, mun nuna mata halinmu. Nawa darbejiya ne da lalle da ɓawon maɗaci. Na daka, na dafa a man kaɗanya, sauran na yi ta cusawa da ka. Ta sansana, ta juya fuska bango. Wallahi gara ta mare ni.

Maganar da na yaɓa miki, cewa ke baƙuwa ce a gidan nan, na janye. Ki rubuto mini ukunki.

Ni ce,
Yayarki.

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Takardarki ta iso ranar Laraba. Ashe har da ɓawon lemo! Ina ta yawon neman saiwoyi, abin yana kwandon shara. Na yi dariya har ta koma kuka.

Jiya da hantsi na haɗa yadda kika ce, wuta kaɗan-kaɗan, na tace sau biyu. Auta, ƙamshin ya fito sak, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko Mama ta miƙe ne. Daga ɗaki na ji Mama ta yi gyaran murya, na tabbata ya kai mata. Na ajiye shi a taga ya sha iska, don da zafi ba ya shafuwa.

Ba ta jira ya huce ba. Allah ya jiƙan Mama.

Kada ki zargi kanki, ke ranar da kika karanta kika amsa. Ni ce. Wata biyu takardar farko ta yi a ƙarƙashin matashina kafin girman kai ya bar ni in aika.

Ki gaida yara. In za ki iya, ki yafe mini.

Yayarki.