Matar da Aka Bari Babu 'Yan Amshi

Asabar, 12 ga Shawwal, 1387 (Janairun 1968)

Inna ta sake ɓata shimfiɗa. Na wanke, na shanya, na isa wurin guga a unguwar Zahir a makare. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, wata bakwai ba ta ce mini ko "ruwa" ba. Sai ido. Na gaji, kuma takardar nan kaɗai zan iya gaya wa.

Litinin, 14 ga Shawwal

Yaya Hadi ya zo daga Jidda da lemo biyar da shawara buhu guda. Wai an sami gado a rubaɗi, gidan sadakar nan da ake ajiye tsofaffin mata, kuma mai kula da wurin zai riƙe mana shi zuwa Juma'a 24 ga Zulƙida, kafin alhazai su cika gari. Ya ce ni mace ce ni kaɗai, ba miji, ba ɗa, ga aiki. Na yi masa tatas, na ce uwata ba tsohon kaya ba ce. Amma da ya tafi na ji wani sanyi a ƙirjina, irin na wanda aka ce za a sauke masa tulu. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 17 ga Shawwal

Maƙwabciyar da ke duba mini Inna ta sami aikin girki a gidan mutawwif, mai yi wa alhazai jagora. Shi ke nan.

Asabar, 19 ga Shawwal

Na tafi da Inna gidan Daktor Isa, inda nake guga. Mailafiya mai motar kaya ya ɗauke mu daga unguwarmu Tandabawi, bai ko ɓata rai ba. Na jingina ta da bango a ɗakin guga, na sa mata matashi.

Bayan azahar Daktor ya rufe tagogi kamar kullum, saboda kunnen maƙwabta, ya ɗora faifan nan da ya zo da shi daga Amurka. Kullum shi, kamar ba wani. Wata baƙar mata ce, na ga hotonta a jikin kwalin, tana kallon mutum kamar ya taka mata shanya. Ya taɓa gaya mini ita ke rera waƙar, ita kuma ke kaɗa abin da suke kira fiyano da hannunta. Muryarta kamar ta namiji da ya yi kuka ya gaji. Ban san me take cewa ba, ban kuma tambaya ba. Ni dai ga tulin riguna.

Laraba, 23 ga Shawwal

Bayana kamar zai ɓalle. Na ƙona hannun rigar Daktor, na ɓoye ta a ƙasan kaya.

Lahadi, 27 ga Shawwal

Na lura yatsun Inna na hannun da ke da rai suna bugun gwiwarta in faifan na juyawa. Abin ya ba ni haushi, ban san dalili ba. Ko da yake na sani. A Katsina, kafin mu biyo hanyar Sudan, Inna 'yar amshi ce. Shekara goma sha uku tana bayan wata zabiya Hauwa, zabiya ta jefa, su su cafe. Ranar da ta ga Ka'aba ta ce ta tuba da waƙa, kuma ta haɗa da ni a tuban ba tare da ta tambaye ni ba. Ina da shekara tara ta kwaɗa mini ludayi a baki don na yi ɗan rera wani abu ina daka. Har yau haƙorin a gutsure yake. Yanzu ga ta tana bugun gwiwa don waƙar Nasara.

Juma'a, 3 ga Zulƙida

Na je na ga rubaɗin. Tsaf yake, ba laifi. Tsofaffi takwas a ɗaki, kowacce ta juya wa 'yar'uwarta baya. Na ce wa mai kula zan dawo.

Talata, 7 ga Zulƙida

Bari in rubuta yadda ya faru kafin in fara ƙaryata kaina.

Akwai wata waƙa a faifan mai tafiya a hankali. Matar takan faɗi magana ɗaya, ta yi shiru, fiyano ya ɗan yi motsi, ta sake faɗin maganar. Ina cikin feshin ruwa a kan ghutra, mayafin kan Larabawa, na ji wani gurnani a bayana. Na zaci shaƙewa ta yi. Na juyo, sai na ga bakinta a karkace yana motsi, daidai wurin da matar ke yin shiru. Matar ta jefa, Inna ta cafe: "Mun ji, 'yar'uwa, mun ji." Matar ta sake, Inna ta sake. Ko sau ɗaya ba ta taka mata ba.

Da waƙar ta ƙare na durƙusa na ce, "Inna, me kika ce?"

Ta daɗe tana haɗa harshe. Sannan ta ce, "An bar ta ita kaɗai. Ba a barin mai waƙa haka."

Wata takwas, maganarta ta farko ke nan, kuma ba a kaina ba ce. A kan wata mata ce da ba ta taɓa gani ba. Na so in ce, ni fa? Na tashi na koma kan guga, hawaye na ɗiga a rigar mutane ina goge su da dutsen guga.

Laraba, 8 ga Zulƙida

Daktor ya ji. Ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya ce, "Ya Hajja, masha Allah." Ya mayar da allurar kan waƙar har sau uku. Ya yi mini dogon bayani a kan ƙwaƙwalwa, wai waƙa da magana ba ɗaki ɗaya suke kwana ba. Na ce na'am. Ya kuma ce ya ga rigarsa tun tuni, ma'alesh, wai ba komai.

Asabar, 18 ga Zulƙida

Ba wata mu'ujiza. Ba ta tafiya, ba ta neman ruwa, shimfiɗa na nan yadda take. In faifan ya tsaya ita ma ta tsaya. Yaya Hadi ya aiko a tuna mini da Juma'a, kamar zan manta.

Alhamis, 23 ga Zulƙida

Na ɗaure kayanta. Zane uku, carbi, ƙwaryar furarta. Ta bi ni da ido har na gama.

Juma'a, 24 ga Zulƙida

Daktor ba ya aiki yau, babu Zahir, babu faifai. Mailafiya ya ce zai zo da mota bayan la'asar.

Da hantsi ina tsintar shinkafa a tsakar gida, na ji ƙwas-ƙwas daga ɗaki. Ta jawo ƙullin da hannu ɗaya, ta zaro ƙwaryar, ta kife ta a cinya tana bugawa da zobe. Sai ta ɗaga murya, 'yar siririya, da karin waƙar matar nan amma da Hausa, ta kama sunana: "Rumasa'u ta gaji, ni na gajiyar da ita." Ta yi shiru. Ƙwarya na tafiya, ita tana kallona. Ta sake faɗi, ta sake yin shiru daidai wurin.

Shekara ashirin da shida ban rera komai ba. Muryar da ta fito mini kamar ƙofar langa-langa. Amma na amsa. Me zan yi, ba a barin mai waƙa haka.

Asabar, 25 ga Zulƙida

Na gaya wa Yaya Hadi na ga kuɗin cizo a katifun rubaɗin, shi ya sa ban kai Inna ba. Ya ce ai gadon ya tafi, an ba wata 'yar Barno, kada in zo ina masa kuka. Ba zan zo ba.

Ta sake ɓata shimfiɗa da safe. Na wanke, na shanya. Bayana na nan da ciwonsa. Ina matse zanen na ji ta fara buga ƙwarya, sai na matso da bahon kusa da ƙofa, don a can rana ta yi yawa.