Na kori Isa daga gonar riɗi

Yaya Hauwa,

Salamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya yara? Mu nan Gadarif lafiya.

Ranar kaɗe riɗi a Fashaga na tarar da ƙanenmu Isa a buge da giyar aragi. Na kore shi gaban ma'aikata, ina alfahari ban taɓa sha ba. Wani dattijo Bahabashe, Kirista, ya ce mini, "Ya zol, bawan Allah, a cocinmu ana hana mugunta, ana kuma hana mutum cika ganin kansa adali."

Na rubuta maganar a littafina, kullum ina dubawa, na kasa musa ta. Isa ya tafi Gallabat, ba ya ɗaga wayata. Ki kira shi ya dawo, ni zan fara ba shi haƙuri. A yi mana addu'a, a gaida maigidanki.

Ƙanenki,
Garba