Takalmi Guda a Shafi na Bakwai

Zuwa ga uwargidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, kuma ciwon gwiwar nan ya lafa. Ni ina gadon asibiti, ɗan sanda na gyangyaɗi a bakin ƙofa. Da hagu nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewarsa.

Gara ki ji daga bakina kafin maƙwabta su ƙara gishiri. Shekara talatin ina zana wa mai maɗaba'ar nan hotunan littattafan yara, bara ya kwashe su kaf ya ɗura wa na'urar ƙirƙirarriyar basira, ya ce in je in huta. Shekaranjiya na ga sabon littafinsa a kanti. Kin san takalmi guda da nake ɓoyewa a kusurwar kowane hoto, wanda autarmu ta bar mana a bakin kogi ranar da ruwa ya tafi da ita? Yana shafi na bakwai. Na'urar ta ɗauka ado ne, ta sa shi a bakin kare.

Na tarar da mutumin yana shan shayi. Wai in kwantar da hankalina, ai yabo ne. Na ɗaga kujerar ƙarfe na maka wa kwamfutar da ke gabansa sau uku, na huɗun ya same shi a baki. Haƙora biyu na gani a kan takardu. Ƙaninsa ya danne hannuna a tebur, ya bi yatsuna da guduma ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce sun gama da alƙalami.

Ki gaida yaran.

Mijinki.

Zuwa ga uwargidana,

Ina gaisuwa. Ya jiki, ya kuma haƙuri da ni?

Jiya mai maɗaba'ar ya zo da lauyansa, yana magana iska na fita ta giɓi. Yanzu ni ne Yaya a bakinsa. Ashe ofishin rajista ya hana shi haƙƙin mallaka, an ce abin da ba hannun mutum ya yi ba, ba na kowa ba ne. Maɗaba'u uku sun riga sun kwafe littafin. Zai janye ƙara in na sa hannu cewa ni na zana, na kuma sallama masa haƙƙin.

Na nuna masa bandeji. Lauyan ya ce babban yatsan hagu ya isa, ya buɗe tawada. Wallahi na tuna ke, da matakalar da ba kya iya hawa ke kaɗai. Sai na tuna karen.

Na shafi tawadar na dangwala wa mai maɗaba'ar a tsakiyar goshi, da ƙarfin da ya kai shi ƙasa. Na ce wannan kam ni na zana, ya je ya yi rajista.

Gobe za a wuce da ni gidan yari. Ki aiko da bargo da tabarau. Takalmin yana ƙasan akwatina, kada ki bari kowa ya ɗauki hotonsa.

Ki yafe mini.

Naki har kullum,
Mai Zane.